Gubar da Ido Ba Ya Gani, da Yadda Wutar Batir Ke Tona Asirinta a Cikin Ruwa



Mako biyu da suka wuce malaminmu na kimiyya ya shigo aji da kofunan gilashi guda biyu cike da ruwa. Ya ajiye su a kan tebur, ya ce mu zo layi-layi mu duba, mu faɗa masa wanne ne mai tsabta. Muka leƙa ta sama, muka leƙa ta gefe, wani ma har ya ɗaga kofin ya haska da ranar da ke shigowa ta taga. Duka biyun garau suke. Rabin aji suka ce na dama, rabi suka ce na hagu, ni kuma na ce duk ɗaya ne. Sai Malam ya yi dariya ya ce a lasa. Ashe na hagun ya zuba masa gishiri tun a ofis, ya narke.

"To, wannan gishiri ne, harshe ya kama shi," in ji Malam. "Da a ce abin da na zuba ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, kuma cokali ɗaya nasa zai ɓata tafki guda, da me za ku kama shi?"

Ba wanda ya amsa. Wannan tambayar ce ta sa na yi ta bin Malam da tambayoyi lokacin tara, ya ara mini abin karantawa, har na haɗa wannan bayani. Zan yi magana a kan wata guba da ake kira oganotin, da kuma yadda masana ke auna ta a ruwa ta hanyar amfani da 'yar wutar lantarki da ba ta kai ta tocila ba. Bayanin yana da ɗan tsawo, wanda ƙararrawa ta katse shi ya dawo gobe ya ƙarasa.

Daga kuza aka fara

Oganotin daga kuza ake yin sa. Kuza kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai, can kudancin Kano a ƙaramar hukumar Doguwa, suna haƙo ta suna narkarwa suna sayarwa. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka buɗe manyan wuraren haƙar kuza a Jos da kewayenta, Hausawa da yawa suka riƙa tafiya can aikin lebura. A jadawalin sinadarai kuza ce lamba ta 50, alamarta Sn.

Ita kuza zalla ba ta da wata illa mai yawa. Kullum muna taɓa ta. Gwangwanin madara da na tumatir baƙin ƙarfe ne aka shafa masa kuza siririya don kada ya yi tsatsa. 'Yar wayar nan mai laushi da masu gyaran rediyo da wayar hannu ke narkarwa su liƙe abu, ita ma akwai kuza a cikinta.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗaure kuza da kabon a masana'anta. Kabon shi ne sinadarin da ke cikin gawayi, kuma da shi aka gina jikin duk wani abu mai rai. Wannan haɗin na kuza da kabon shi ne oganotin. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Frankland ne ya fara haɗa shi a 1849. Abin da ya sa yake da haɗari shi ne, kabon ɗin ya zama masa kamar riga. Kuza zalla in ta shiga ciki, yawancinta fita take yi. Amma in ta sa rigar kabon, sai ta iya narkewa a cikin kitse, ta ratsa cikin ƙwayoyin jiki, ta zauna.

A 1954 an sayar da wani maganin maruru a Faransa mai suna Stalinon, wanda aka yi da oganotin. A cikinsa akwai wani nau'i da ke kumbura ƙwaƙwalwa. Mutum kusan 100 suka mutu.

Fentin jirgi da dodon koɗi

Wanda ya fi yin ƙaurin suna a dangin oganotin shi ne TBT. Kuza ɗaya ce riƙe da sarƙoƙin kabon guda uku, kowace sarƙa da kabon huɗu.

Mu nan ba mu da teku, don haka sai na ɗan yi bayani. Idan jirgin ruwa ya daɗe a teku, gansakuka da wasu ƙananan halittu masu ɓawo sukan manne a ƙasansa, su yi ta yaɗuwa. Sai jirgin ya yi nauyin tafiya, ya riƙa shan mai da yawa, kamar keken da aka tuƙa a cikin rairayi. Daga shekarun 1960 aka fara sa TBT a fentin da ake shafa wa ƙasan jirage. Fentin yana sakin gubar kaɗan-kaɗan, duk abin da ya zo mannewa sai ya mutu. Masu jirage suka ji daɗi ƙwarai.

Sai dai gubar ba a jikin jirgi take tsayawa ba. A gaɓar Faransa akwai wani wuri mai suna Arcachon, ana karanta shi Arkashon, inda mutane ke kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci. A ƙarshen shekarun 1970 kawar ta daina haihuwa yadda ta saba, ɓawonta ya riƙa yin kauri yana karkacewa, naman ciki ya ƙanƙance. Masu kiwon suka shiga asara. Da aka bincika sai aka gano daga fentin ƙananan jiragen da ke ajiye a wurin ne. A 1982 Faransa ta hana shafa shi a jiragen da ba su kai mita 25 ba. Ingila ta bi sahu a 1987.

Akwai kuma wani dodon koɗi na bakin teku. Matansa suka fara fitar da gaɓoɓi irin na maza, har hanyar ƙwai ta toshe, suka kasa haihuwa. A wurare da yawa kusa da tashoshin jirage ya ɓace gaba ɗaya. Daga ƙarshe hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, mai hedikwata a Landan, ta yi yarjejeniyar hana wannan fenti a 2001, ta fara aiki ranar 17 ga Satumba, 2008. Duk da haka TBT yana daɗewa shekaru a cikin laka a ƙasan tashoshin jirage, shi ya sa har yanzu ba a daina auna shi ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki. Nawa ne adadin da ya yi wa dodon koɗin nan wannan illa? Wajen nanogiram 1 a cikin lita 1 ta ruwa.

Na san da yawa cikinmu kalmar nanogiram ba ta ce mana komai ba, ni ma haka. Sai na zauna na yi lissafi da abin da muka sani. Giram 1 miligiram 1,000 ne. Miligiram 1 maikirogiram 1,000 ne. Maikirogiram 1 kuma nanogiram 1,000 ne. Ke nan giram 1 nanogiram biliyan ɗaya ne. Dunƙulen Maggi ɗaya giram 4 ne. Ku raba shi huɗu ku ɗauki kashi ɗaya, giram 1 ke nan. Kafin a ce ya zama nanogiram 1 a kowace lita, sai an narkar da shi a ruwa lita biliyan ɗaya. Jarkar 'yan ga-ruwa lita 25 take ci, wato jarka miliyan 40. In kura tana ɗaukar jarka 10, kura miliyan 4 ke nan. In mai ga-ruwa yana sawu 10 a rana, ba Juma'a ba Sallah, sai ya yi fiye da shekara 1,000 kafin ya gama kawo ruwan. Sau uku na maimaita lissafin don na ɗauka na yi kuskure. Ban yi ba.

Ina ruwanmu?

Na san wani zai ce, mu da muke Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, ko kogin da ke gudu rani da damina ba mu da shi, ina ruwanmu da fentin jirgi? Ni ma na yi wa Malam wannan tambaya.

Oganotin ba a jirgi kaɗai ake amfani da shi ba. Wurin da aka fi amfani da shi a duniya ma shi ne wajen yin robar PVC, wato irin farin fayif ɗin nan da ake zurawa a rijiyar burtsatse, ake kuma jan ruwa da shi daga tankin sola zuwa famfo. Idan ana narkar da robar a masana'anta zafi yakan lalata ta, don haka ake zuba wani sinadari da zai kare ta. Wasu masana'antu da oganotin suke yi, wasu da dalma, wasu da wasu sinadaran daban. Nau'in da ake sa wa fayif bai kai TBT guba ba, wannan gaskiya ne. Amma an tabbatar cewa sabon fayif yana sakin kaɗan a cikin ruwa, musamman kwanakin farko, daga baya abin ya ragu sosai. Shi ya sa idan an ja sabon fayif ya kamata a bar ruwan farko ya zube, a yi ban ruwan shuka da shi ko a kwaɓa ƙasa, kada a tara a randa. Haka kuma an yi amfani da wasu nau'o'in oganotin a maganin feshin gona da maganin kare katako.

Kuma ƙasarmu jigawa ce. Duk wanda ya zubar da ruwa a tsakar gida ya san kafin ya juya rairayi ya shanye. Abin da aka zubar a sama yana iya bin ruwan damina ya gangara ƙasa, inda rijiyoyinmu ke ɗebowa. Ni abin da ya fi damuna ma ba fayif ba ne. Jarkar maganin feshi ce da nake gani an wanke an ɗaura mata igiya, yara suna tafiya gona da ruwan sha a ciki. Wanki da omo ba ya fitar da abin da roba ta riga ta tsotsa.

Sannan ruwa ba ya tsayawa a kan iyakar jiha. Kogin Challawa, wanda ruwan masana'antun jima na Sharada da Challawa a Kano ya daɗe yana shiga cikinsa, shi ne ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejiya. Ya bi ta Wudil da Ringim ya wuce Haɗejiya, inda ake kamo kifin da ke zuwa kasuwanninmu. A can kuromiyom ne abin da aka fi magana a kai, ƙarfen da ake jima da shi. Shi ma irin wannan hanya ta lantarki tana iya auna shi.

Yadda wuta ke gane abin da ke cikin ruwa

Mun fara da ɗan gwaji. Malam ya haɗa batir huɗu na tocila, da ƙaramin ƙwan fitila da ya ciro daga tsohuwar tocilar caji, da waya, da fensir biyu da aka fere ta kowane gefe. Aka tsoma bakin fensiran a kofi ba tare da sun taɓa juna ba. Da ruwan da ba komai cikinsa ƙwan da ƙyar ya nuna alama. Da ruwan rijiya ya ɗan kama. Da aka zuba gishiri sai ya haska sosai. Ni da na gwada da farko bai kama ba sam, ashe na juya ƙafafun ƙwan ne, aji suka yi ta mini dariya.

Dalili shi ne, gishiri in ya narke yana rabuwa gida biyu, wasu ƙwayoyi masu caji mai kyau, wasu masu caji kishiyarsa, su ne ke ɗaukar wutar su ƙetare da ita daga wannan fensir zuwa wancan. To amma wannan gwaji abu ɗaya kawai ya faɗa mana: akwai abin da ya narke a ruwan. Bai faɗa mana mene ne ba. Gishiri ne, kanwa ce, ko guba? Ƙwan fitila bai sani ba.

Wanda ya gano yadda za a bambance su wani masani ne mai suna Jaroslav Heyrovsky, a birnin Prague da ke Jamhuriyar Cek ta yanzu, a 1922. Ya yi amfani da ɗigon zaiba da ke faɗowa daga siririn bututun gilashi. An ba shi kyautar Nobel a 1959 saboda wannan aiki. Hanyoyin da suka fito daga aikinsa ana kiran su boltametiri.

Ga yadda na fahimce shi. Wutar lantarki tafiyar wasu ƙananan abubuwa ce da ake kira ilektaron. Ƙarfin da ke tura su da bolt ake auna shi, batir ɗin tocila bolt 1.5 ne. Kowane sinadari yana da ƙarfin bolt ɗinsa na kansa da yake karɓar ilektaron ko ya sake shi. In ba a kai wannan ƙarfin ba, shiru yake yi.

Ku tuna kiran suna da safe. Malam yana bin rajista daga sama zuwa ƙasa, ba mai amsawa sai wanda aka kira sunansa. Haka na'urar take yi. Tana canza ƙarfin bolt sannu a hankali daga wannan adadi zuwa wancan, kamar mai bin rajista. Duk sinadarin da aka zo kan nasa sai ya amsa, amsarsa kuwa ita ce wuta ta ƙaru farat ɗaya sannan ta sauka. A allon na'urar sai a ga layi yana tafiya a kwance, ya tashi ya yi tudu, ya sauka. Wurin da tudun ya fito shi ke faɗin sunan sinadarin. Tsawon tudun kuma shi ke faɗin yawansa.

Sanduna uku ake tsomawa a ruwan, sunansu ilektirod. Ta farko ita ce mai aiki, a kanta komai ke faruwa. A da da zaiba ake yin ta, amma da yake zaiba ita ma guba ce, yanzu ana yin ta da kabon ko zinariya ko wani ƙarfe mai suna bismut. Akwai ma masu bincike da ke amfani da bakin fensir na gaske, saboda arha. (Turawa suna kiran bakin fensir da sunan dalma, amma ba dalma ba ne, kabon ne, kada wani ya tsorata don ya taɓa tauna fensir.) Sanda ta biyu da azurfa ake yin ta, ƙarfinta ba ya canzawa, da ita ake gwada ta farkon, kamar yadda mai awo ke da dutsen sikeli. Ta uku ita ke cika zagayen wutar.

A tara su tukuna

In gubar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, amsarta ba ta jiyuwa. Kamar a ce ɗalibi ɗaya ya amsa sunansa daga can ƙarshen filin ƙwallo ana iska. A nan ne masana suka yi wata dabara da ta burge ni.

Shanu da raƙuman da ke warwatse a dajin nan, daga ƙasar Gumel har cikin Nijar, ba mai iya tsayawa wuri ɗaya ya ƙirga su. Amma ranar Alhamis in an kawo su kara a kasuwar Maigatari, ga su nan a wuri ɗaya. In ƙofa ɗaya ce za su fita, mutum ya tsaya a bakinta sai ya ƙirga.

Haka ake yi wa gubar. Da farko a ba sanda mai aiki cajin da zai jawo ƙwayoyin ƙarfen da ke yawo a ruwan. A riƙa juya ruwan na 'yan mintoci, su kuma suna zuwa suna mannewa a kan sandar, wadda bakinta bai fi ƙwayar dawa ba. Abin da yake a warwatse cikin kofi guda ya taru a ɗan mitsitsin wuri. Daga nan sai a daina juyawa, a fara mayar da ƙarfin bolt ɗin baya sannu a hankali. Kowane ƙarfe in an zo kan nasa sai ya saki sandar ya koma ruwa, duka a lokaci ɗaya, ya bar ilektaron ɗinsa a baya. Sai tudun ya fito da tsawo. Kuma da tsari suke fita: tutiya ce ta farko, sai kadmiyom, sai dalma, sai jan ƙarfe.

Saura a san tsawon tudun nan nawa yake nufi. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don sauƙi. An auna ruwan rijiya, tudun dalma ya kai santimita 4. Sai a ɗiga dalmar da aka san yawanta, wadda za ta ƙara maikirogiram 10 a kowace lita, a sake aunawa. Tudun ya zama santimita 8. Ƙarin santimita 4 ke nan ya fito daga maikirogiram 10. Tunda tudun farko ma santimita 4 ne, ruwan rijiyar yana da maikirogiram 10 a lita. Lissafin 'yan aji ɗaya ne. Kuma maikirogiram 10 a lita shi ne iyakar dalma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, haka ma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya. Da lissafinmu na ɗazu, rubu'in dunƙulen Maggi ne a jarka 4,000.

Oganotin ya fi dalma taurin kai

Kada in sa ku ɗauka abin da sauƙi. Oganotin yana ba masu aunawa wahala ta hanyoyi da yawa.

Kuza da dalma kusan wuri ɗaya suke amsawa, kamar ajin da ke da Aisha biyu, an kira suna duk sun amsa tare, tudun ɗaya ya hau kan ɗaya. Sai an zuba wani sinadari da zai riƙe ɗaya ko ya matsar da ita gefe. Ga kuma rigar kabon ɗin nan. Wani lokaci ana auna oganotin da rigarsa, tunda shi ma yana karɓar ilektaron ya manne a kan sanda, kuma hakan na taimakawa a gane ko TBT ne ko ɗan uwansa mai sauƙin guba. Wani lokaci kuma sai a haska ruwan da wata fitila mai ƙarfi ko a dafa shi da asid, rigar ta yage, a auna kuzar da ta rage. Wannan ya fi sauƙi, amma ba zai faɗi wane nau'i ne ba.

Ruwan tafki da na kududdufi kuma cike yake da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Waɗannan suna lulluɓe bakin sandar su dushe amsar. Hatta kwalbar da aka ɗebo ruwan tana iya ɓata aiki, domin oganotin yana mannewa a jikinta, hasken rana kuma yana farfasa shi. Don haka a kwalbar gilashi mai duhu ake ɗebowa, a ɗiga asid, a sa a sanyi. Wanda ya ɗebo ruwa a gorar lemo ya ɗaura a bayan babur ya yi tafiyar awa uku a ranar watan Afrilu, abin da ya kai ɗakin gwaji ba shi ne abin da ke cikin rijiyar ba.

Kuma a gaskiya, hanyar lantarki ta fi ƙarfi a wajen maikirogiram. Kafin ta kai nanogiram ɗin da ya nakasa dodon koɗi, sai an tace ruwa mai yawa an tattara gubar a ɗan kaɗan. Akwai manyan na'urori da ke raba sinadarai ɗaya bayan ɗaya su auna nauyin kowanne, su ne ake dogara da su in ana son hukunci na ƙarshe. Amma suna da tsada ƙwarai, suna son wutar da ba ta ɗaukewa da ɗaki mai sanyi da ƙwararren ma'aikaci. Ita kuwa na'urar lantarki akwai wadda ba ta fi wayar hannu girma ba, da batir take aiki. A ganina a wuri irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ita za a zagaya rijiyoyi ɗari, a ware biyar ɗin da suka nuna alama, su kaɗai a aika babban ɗakin gwaji a Kano ko Dutse.

An taɓa yi a Zamfara

Wannan ba labarin ƙasashen waje ba ne kawai. A farkon 2010 yara ƙanana suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya yi ta jijjiga, ya suma. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi. Kafin nan agwagin ƙauyukan sun riga sun mutu, ba wanda ya kawo komai a ransa. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka yi zargin guba, gwaji ya tabbatar gubar dalma ce. Mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida suna daka shi suna niƙawa, dutsen kuma cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da kwanukan abinci da wuraren da ake wanke dutsen. Yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Wata 'yar na'ura mai suna LeadCare II na cikin abin da aka yi aiki da shi a ƙauyukan. Ana ɗiga jinin da aka haɗa da wani ruwan magani a kan ɗan siririn kati, a zura a na'urar, cikin minti 3 ta ba da amsa. A kan katin nan akwai ƙananan sandunan da na yi bayani, kuma dabarar ita ce dai ta a tara sannan a saki. Iyakar abin da take iya karantawa maikirogiram 65 ne a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini. Yawancin yaran da aka fara gwadawa sun wuce nan, na'urar ta dai nuna cewa abin ya yi sama. Da irin wannan gwaji aka riƙa ware yaran da za a fara ba magani.

Agwagin Zamfara sun tuna mini da kawar Arkashon. A duka wuraren biyu dabbobi ne suka fara nunawa.

In a gidanku akwai mai ciwon suga, ku duba 'yar na'urar da yake tsira yatsa ya ɗiga jini a kan kati. Yawancinsu da lantarki suke aunawa, dangin wannan ce.

Ga masu son gani da idonsu, Malam ya yarda za a maimaita gwajin fensir ranar taron ƙungiyarmu na mako mai zuwa, bayan tashi, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. A waje za a yi domin ruwan gishiri in wuta ta bi ta cikinsa yana fitar da ɗan wari irin na bilic. Kowa ya zo da ruwan unguwarsu a kwalba mai tsabta, ya rubuta a jiki ko na rijiya ne, ko na tuƙa-tuƙa, ko na leda, mu ga wanne zai fi kunna ƙwan. Wanda ya fi haske ba shi ne mai guba ba, ya dai fi yawan gishirin ƙasa. Muna neman batir huɗu da fensir biyu. Kuma Malam ya ce in rubuta da babbar murya: kada wanda ya kuskura ya gwada wannan a gida da wutar soket ko ta janareta, da batir ɗin tocila kaɗai ake yi.